Kalmar Château a Faransanci: Asalinta da Yadda Ma'anarta ta Koma 'Gandun Inabi'

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Faransanci a Nijeriya yakan fara cin karo da kalmar château (ana furta ta kamar 'shato') a littattafan koyon harshe, inda ake ajiye ta kusa da hoton wani tsohon gini mai kauri da hasumiyoyi, a kuma ba ta ma'anar da Ingilishi ke bai wa castle. Wannan ma'ana takan wadatar da shi har zuwa ranar da aka ba shi aikin fassara wani rubutu na kasuwanci ko na tarihin Faransa, ya tarar ana cewa wani château ya yi girbi, ko an sayar da kwalba dubu ta wani château, ko kuma wani château ba shi da ginin kansa. A nan ne ma'anar farko take gazawa, domin a fagen noman inabi da sarrafa giyarsa, musamman a yankin Bordeaux da ke kudu maso yammacin Faransa, château na nufin gandun inabi tare da wurin matsa da adanawa da kuma sunan da ake sayar da amfanin da shi, ko akwai katafaren gini a wurin ko babu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun kalmar daga harshen Latin zuwa wannan ma'ana ta ƙarshe. Za a fara da tushenta, sannan sauye-sauyen sautin da suka ba ta siffarta ta yau, sannan matakan da ma'anarta ta bi. Daga nan za a kwatanta ta da takwarorinta na wasu yankunan Faransa, a kuma duba abin da wannan tarihi yake nufi ga mai fassara da mai tsara ƙamus na Hausa. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne cewa ma'anar 'gandun inabi' sabuwa ce ƙwarai idan aka gwada ta da shekarun kalmar, kuma neman martaba a kasuwa ne ya haifar da ita, daga baya doka ta zo ta yi mata iyaka.

2.0 Tushen Kalmar

A harshen Latin akwai kalmar castrum, wato 'wuri mai kariya', wadda aka fi amfani da jam'inta castra da ma'anar 'sansanin mayaƙa'. Daga gare ta aka samar da tsigilau castellum, wato 'ƙaramin wurin tsaro', irin wanda rundunar Rumawa kan gina a bakin iyaka ko a kan hanya. Wannan castellum ita ce uwar château, kuma ita ce ta haifar da castello a Italiyanci, da castillo a Sifaniyanci, da castelo a harshen Fotugal, da castèl a harshen Oksitan na kudancin Faransa.

Tun a zamanin Rumawa castellum tana da ma'ana ta biyu wadda ba ta shafi yaƙi ba. Ita ce sunan matattarar da ake ginawa a ƙarshen doguwar magudanar ruwa, inda ruwan yake taruwa kafin a rarraba shi zuwa unguwannin birni. Kufan irin wannan gini yana nan a birnin Nîmes na kudancin Faransa. Wannan ma'ana ta wanzu a Faransanci cikin furucin château d'eau, wato dogon tankin ruwa na gari, kuma daga irin wannan tanki ne unguwar Château 1 ta birnin Yamai a Jamhuriyar Nijar ta samo sunanta. Ke nan Bahaushen Nijar ya daɗe da sanin kalmar ta wata fuska wadda ba ta da dangantaka da sarauta ko inabi.

Ita kuwa castrum ta bi wasu hanyoyin na daban. Ita ce ake gani a ƙarshen sunayen garuruwan Ingila irin su Manchester da Lancaster. Haka kuma masana asalin kalmomi da yawa suna ganin cewa kalmar Larabci ƙasr, 'fada' ko 'katafaren gini', daga gare ta ta fito ta hanyar Girkanci da Aramiyanci. Daga ƙasr ne aka sami alcázar a Sifaniyanci, da ksar a Larabcin Magrib, da sunan birnin Luxor na Masar, wanda asalinsa jam'in kalmar ne, al-Uƙsur.

3.0 Sauye-sauyen Sauti

Mai kallon castellum da château a karon farko zai yi wuya ya gane cewa kalma ɗaya ce. Sauye-sauye uku ne na tsarin sauti suka raba su, kuma kowannensu ya shafi ɗaruruwan kalmomi, bai tsaya ga wannan kaɗai ba.

3.1 Ganɗantawa

A karin harshen tsakiyar Faransa, wanda ya zama tushen daidaitaccen Faransanci, sautin /k/ na Latin ya ganɗance idan ya zo kafin wasalin /a/. Da farko ya koma ɗan atishawa irin wanda Hausa ke rubutawa da 'c', daga baya, wajen ƙarni na 13, ya sassauto ya zama zuzau irin 'sh'. Dubi waɗannan misalai:

(1) cantare > chanter 'rera waƙa'
caballus > cheval 'doki'
campus > champ 'gona, fili'
castellum > chastel 'gidan tsaro'

Ganɗantawa ba baƙon abu ba ne ga manazarcin Hausa, domin ita ce ke bayar da motoci daga mota, da ƙasashe daga ƙasa, da gidaje daga gida. Bambancin shi ne a Hausa wasulan gaba /i/ da /e/ ne ke jawo ta, a Faransanci kuwa ta auku har kafin /a/, abin da ake bayyanawa da cewa furucin wannan wasali ya matso gaban baki a wancan zamani.

Kare-karen arewacin ƙasar, wato na Normandie da Picardie, ba su yi wannan sauyi ba, sai suka riƙe castel. Da yake Normandawa ne suka ci Ingila da yaƙi a 1066, siffar da ta kafu a Ingilishi ita ce castle. Irin wannan aro ta ƙofa biyu shi ne ya bar wa Ingilishi tagwayen kalmomi kamar catch da chase, ko cattle da chattel. A ƙarni na 18 Ingilishi ya sake aro château kai tsaye daga Faransanci, ya ajiye ta gefe guda da castle, kowace da ma'anarta.

3.2 Shafewar /s/

Sauyi na biyu shi ne shafewar /s/ idan ta rufe gaɓa kafin wani baƙi, tare da tsawaita wasalin da ya gabace ta. Furucin ya sauya tun a tsakiyar zamani, amma rubutu ya ci gaba da riƙe harafin har ƙarnoni bayan haka. Sai a bugu na uku na ƙamus ɗin Académie française, a 1740, aka cire shi daga dubban kalmomi aka ɗora wa wasalin 'yar hula (^) a madadinsa:

(2) forest > forêt 'daji'
teste > tête 'kai'
hospital > hôpital 'asibiti'
chasteau > château

Saboda haka alamar da ke kan 'â' a château shaida ce ta /s/ ɗin da ke cikin castellum.

3.3 Komawar /l/ zuwa /u/

Sauyi na uku ya shafi ƙarshen kalmar. A tsohon Faransanci /l/ takan koma wasali /u/ idan baƙi ya biyo ta. Don haka tilon kalmar ya kasance chastel, amma da aka ɗafa masa -s sai ya zama chasteaus. Daga baya aka sake ƙera tilo bisa kwaikwayon jam'i, aka sami chasteau, kuma jerin wasulan -eau ya dunƙule a furuci ya zama /o/. Harafin -x na jam'in yau, châteaux, ya samo asali ne daga wata alama da marubutan hannu suke amfani da ita a madadin -us. Tsohuwar siffa mai /l/ ta wanzu a châtelain, 'mai gidan', da sunayen garuruwa irin su Neufchâtel da Châtellerault.

Wannan ma yana da makamancinsa a Hausa. Raunanar baƙi a ƙarshen gaɓa, wadda aka sani da dokar Klingenheben, ita ce ta bayar da talauci kusa da talaka, ita ce kuma ta bambanta sauro da auduga da zauna na karin gabas da sabro da abduga da zamna na karin yamma. Harsunan biyu ba su da dangantaka, amma matsayin baƙi a ƙarshen gaɓa matsayi ne mai rauni a cikinsu duka.

4.0 Matakan Ma'ana

4.1 Daga Gidan Tsaro zuwa Gidan Basarake

A tsakiyar zamani chastel gida ne na basarake mai ƙasa, wanda aka kewaye da ganuwa da gwalalo, inda talakawan yankin kan fake idan yaƙi ya taso. Abubuwa biyu ne suka haɗu a ma'anar: tsaro da iko a kan ƙasa. Da bindigar igwa ta rage amfanin ganuwa, kuma ikon sarkin Faransa ya rinjayi na ƙananan sarakuna, sai manya suka koma gina gidajen jin daɗi masu faffaɗan tagogi da lambuna. Chambord, wanda aka fara ginawa a 1519 a zamanin François na I, da Versailles, inda Louis na XIV ya mayar da fadarsa a 1682, duk château ake kiransu, alhali ba a gina su don tare mahara ba.

A wannan mataki siffar 'tsaro' ta fita daga ma'anar, siffar 'martaba' ta rage. Shaidar hakan ita ce Faransanci ya buƙaci ƙarin sifa, château fort, 'château mai ƙarfi', domin ya ambaci abin da kalmar ita kaɗai take nufi a da. Haka kuma kalmar ta keɓanta da karkara, domin katafaren gidan attajiri a cikin birni hôtel ake ce masa, na sarki kuwa palais. Kalmar birni ta Hausa ta bi irin wannan hanya, domin a da ba a kiran gari birni sai yana da ganuwa, amma a yau ana cewa birnin Landan ko birnin Legas ba tare da tunanin wata ganuwa ba.

4.2 Daga Gida zuwa Gandu

Mataki na gaba ya faru ne a yankin Bordeaux. Cinikin giyar inabi tsakanin wannan yanki da Ingila ya bunƙasa bayan auren Aliénor ta Aquitaine da Henri Plantagenêt a 1152, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154, kuma yankin ya zauna ƙarƙashin sarautar Ingila har zuwa yaƙin Castillon a 1453. A tsawon wannan zamani ana sayar da giyar ne a ganguna da sunan yankin ko na ɗan kasuwa, ba a damu da gonar da ta fito ba.

Gidan Pontac ne ya fara sauya wannan al'ada. Jean de Pontac ya fara gina gidansa a gandun Haut-Brion a 1549, kuma a ƙarni na 17 zuriyarsa ta riƙa sayar da amfanin gandun da sunan wurin, a kan farashin da ya ɗara na saura. Samuel Pepys ya ambaci wannan giya da sunanta a littafin ajiyar bayanansa na yau da kullum a watan Afrilu na 1663, bayan ya ɗanɗana ta a Landan. A cikin wannan ƙarni ne kuma ƙwararru daga Holan suka janye ruwan fadamun Médoc, a arewacin birnin Bordeaux, sai manyan alƙalai da attajiran birnin suka sayi filaye masu faɗi suka dasa inabi. A ƙarni na 18 mutum ɗaya, Nicolas-Alexandre de Ségur, ya mallaki Lafite da Latour a lokaci guda.

Da yake wasu daga cikin waɗannan gandaye suna kewaye da gidan basarake na haƙiƙa, sai sunan gidan ya game gonar, sannan ya game abin da gonar ke samarwa. Wannan kinaya ce irin wadda ake yi idan aka ce 'fada ta yi umarni', ana nufin sarki da majalisarsa. Sai dai ya kamata a lura cewa har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 wannan amfani bai yaɗu ba. A 1855, saboda babban baje-kolin duniya da aka shirya a Faris a zamanin Napoléon na III, dillalan Bordeaux suka jera fitattun gandaye masu jar giya a darajoji biyar bisa farashin da amfaninsu ya saba samu. Huɗu ne suka zo a daraja ta farko: Lafite, da Latour, da Margaux, da Haut-Brion, sai a 1973 aka ɗaga Mouton Rothschild ya zama na biyar. Abin lura ga manazarcin harshe shi ne 'yan ƙalilan ne daga cikin gandayen da ke wannan jeri aka rubuta da kalmar château a gaban sunansu. Mafi yawa sunan wuri ne ko na mai gona kawai. A yau kuwa kusan dukkansu suna ɗauke da ita.

4.3 Daga Gandu zuwa Sunan Kasuwa

Rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne ya kawo wannan sauyi. Layin dogo ya haɗa Bordeaux da Faris a 1853, yarjejeniyar ciniki ta 1860 tsakanin Faransa da Birtaniya ta rage harajin shigar da giya, masu bankuna da manyan 'yan kasuwa suka shigo da jari. Tun da gandayen da suka fi tsada su ne masu laƙabin château, sai masu saye suka ɗauki laƙabin a matsayin alamar nagarta, masu gonaki kuma suka yi rububin ɗaukarsa. Masu hali sun gina gidaje masu hasumiya don su dace da sunan, kamar yadda aka yi a Pichon-Longueville da Palmer a shekarun 1850. Marasa hali sun ɗauki sunan ba tare da ginin ba. Kundin Cocks da Féret, wanda aka fara bugawa da Faransanci a 1850 yana jera gandayen yankin, ya nuna wannan hauhawa daga bugu zuwa bugu: daga 'yan gommai zuwa ɗaruruwa, kafin ƙarnin ya ƙare sun haura dubu.

Misalai kaɗan sun isa su nuna yadda dangantakar kalmar da gini ta tsinke. A Latour, gidan tsaron da ya ba wurin suna ya rushe tun ƙarni na 15, kuma zagayayyar hasumiyar da baƙi ke gani a wurin ɗakin tantabaru ne da aka gina a ƙarni na 17. A Cos d'Estournel, ginin ƙawa mai fasalin gabashin duniya an yi shi ne domin adana ganguna, ba domin mazaunin mutane ba. Léoville-Barton ba shi da gidan kansa, a maƙwabcinsa Langoa-Barton ake sarrafa inabinsa, kuma hoton ginin Langoa ne a jikin kwalbarsa. A ɗaya ɓangaren kuma Pétrus na Pomerol, wanda yake cikin mafi tsada a yankin, ba ya sa kalmar a jikin kwalbarsa sam.

Wani ci gaban ya zo a 1924, lokacin da Philippe de Rothschild ya yanke shawarar ɗura dukkan amfanin Mouton a kwalabe a cikin gandun, maimakon sayar wa dillalai a ganguna. Furucin mis en bouteille au château, 'an ɗura a kwalba a château', ya zama shaidar cewa kayan bai bi ta hannun kowa ba. A cikin wannan furuci kalmar ba ta nufin komai sai wurin aiki.

4.4 Shigowar Doka

Kalmar da kowa ke iya ɗauka ba za ta daɗe tana nuna martaba ba, don haka hukuma ta shigo. Bayan dokar 6 ga Mayu 1919 kan sunayen asalin kaya, da ta 30 ga Yuli 1935 wadda ta kafa tsarin appellation d'origine contrôlée, wato sunan yanki da hukuma ke sa wa ido, wata doka ta 30 ga Satumba 1949 ta ɗaure amfani da château da makamantanta ga samuwar gona ta haƙiƙa. Dokar 4 ga Mayu 2012 kan rubutun jikin kwalba ta sake tsara batun: château da clos da cru an keɓe su ga giyar da ke da sunan yanki mai kariya, wadda aka girbe inabinta a gonakin wannan gandu kuma aka sarrafa ta a cikinsa. Dokar ba ta nemi a sami wani katafaren gini ba. Ke nan abin da ya fara a matsayin kinaya a bakin 'yan kasuwa ya zama ma'anar da kotu ke hukunci da ita.

Darajar kalmar ta kai har ƙasashe suna jayayya a kanta. Yarjejeniyar 2006 tsakanin Tarayyar Turai da Amurka ta bai wa masu gandayen Amurka izinin wucin gadi na sayar da kayansu a Turai da wannan laƙabi, izinin ya ƙare a 2009. Da batun ya sake tasowa a 2012, manoman Bordeaux sun yi adawa mai tsanani, suna masu cewa ma'anar da Amurka ke bai wa kalmar ta fi tasu sassauci, domin tana iya shigar da inabin da aka sayo daga wata gona.

5.0 Takwarorin Kalmar a Wasu Yankuna

Ma'anar château takan ƙara fitowa fili idan aka gwada ta da kalmomin da ake amfani da su a Bourgogne, a gabashin Faransa:

(3) domaine: daga tushen Latin dominus 'mai gida, mai mallaka'
clos: daga clausum 'rufaffe'
cru: daga aikatau croître 'tsiro, girma'
climat: daga Girkanci klima 'gangare, karkata'

A Bourgogne masu bautar Kirista na gidajen zuhudu ne suka raya gonakin inabi. Clos de Vougeot, wanda zuhudawan Cîteaux suka fara nomawa a ƙarni na 12 suka kewaye da katanga, yana da faɗin kimanin hekta 50. Juyin juya halin 1789 ya ƙwace filayen coci ya sayar, sannan dokar gado ta 1804 ta wajabta raba dukiya tsakanin 'ya'ya, har ta kai a yau masu mallakar wannan fili ɗaya sun kai kimanin 80. Saboda haka domaine a can na nufin tarin 'yan gonaki a warwatse a hannun mutum ɗaya, kuma daraja tana bin filin ne, wato climat, ko a hannun wa yake. A 2015 hukumar UNESCO ta sa waɗannan filaye cikin jerin kayan tarihi na duniya. Akwai gini a tsakiyar Clos de Vougeot da ake kira château, wanda aka faɗaɗa a ƙarni na 16, amma a nan kalmar tana riƙe da ma'anarta ta gini.

A Bordeaux al'amarin akasin haka ne. Darajar 1855 tana bin sunan gandu, kuma gandun na iya sayen fili ko sayarwa a cikin yankinsa ba tare da ya rasa matsayinsa ba. Don haka château suna ne na kamfani mai gona, climat kuwa suna ne na ƙasa. A kudancin ƙasar, a Provence da Languedoc, akan ji mas, daga mansum 'mazauni', wato gidan gona.

6.0 Matsalar Fassara zuwa Hausa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kalma ɗaya ta Hausa ba za ta ɗauki nauyin château ba. Mai tsara ƙamus na Faransanci da Hausa zai buƙaci aƙalla ma'anoni huɗu:

(4) a. gidan tsaro mai ganuwa (château fort)
b. katafaren gidan basarake ko attajiri a karkara
c. gandun inabi da sunan kasuwancinsa
d. dogon tankin ruwa na gari (château d'eau)

Kalmar fada, wadda mai fassara kan fara kawowa, ta dace da Versailles domin mazaunin sarki ne da majalisarsa, amma ba ta dace da (4b) gaba ɗaya ba, balle (4c). Gandu kuwa ta fi kusa da (4c), domin a Hausa ma tana ɗauke da ma'anar babbar gona ta gida ko ta sarauta wadda ake nomawa a ƙarƙashin jagoranci ɗaya, kamar yadda ake cewa gandun sarki. Haka nan garka, wato shingaggen lambu, ta yi daidai da asalin ma'anar clos. Abin da gandu ba ta ɗauke da shi shi ne sharaɗin sarrafa amfanin a wurin, don haka a rubutun shari'a ko na ciniki sai an ƙara bayani.

Akwai kuma tarkon sunaye. Châteauneuf-du-Pape sunan gari ne da yankin noma kusa da Avignon, inda Fafaroma Jean na XXII ya gina gidan tsaro a ƙarni na 14, kuma gandaye masu yawa ne a cikinsa. Château-Chalon na yankin Jura shi ma ƙauye ne da sunan yanki. Wanda ya fassara ɗayansu da 'gandun wane' ya yi kuskure. Hanya mafi aminci ita ce a bar sunayen yanka yadda suke, a gabatar da su da kalmar Hausa mai fayyace nau'insu, kamar a ce 'gandun inabi na Château Margaux' ko 'yankin Châteauneuf-du-Pape'.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa château ta fito ne daga castellum ta Latin ta hanyar sauye-sauyen sauti uku na yau da kullum, wato ganɗantawa, da shafewar /s/, da komawar /l/ zuwa /u/. Ta fuskar ma'ana kuwa kalmar ta fara zubar da siffar tsaro a ƙarni na 16, ta game gona da amfaninta a Bordeaux tsakanin ƙarni na 17 da na 18, ta rabu da gini a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, sannan doka ta tsare sabuwar ma'anar a ƙarni na 20. Abin da ya biyo kalmar a dukkan waɗannan matakai shi ne martabar mai mallakar ƙasa, kuma wannan martaba ce aka mayar hajar sayarwa. Tsofaffin ma'anonin ba su mutu ba, suna nan tare da sabuwar, wanda shi ne dalilin da ya sa muhallin magana kaɗai ke iya faɗa wa mai fassara wadda ake nufi.

Laƙabin ya kuma fita daga Faransa ya shiga sunayen gandaye a wasu ƙasashe, kamar Chateau Montelena a Kalifoniya da Château Musar a Labanon. A kwarin Biƙa na Labanon akwai Château Ksara, wanda limaman Jesuit suka kafa a 1857, kuma ana danganta sunan Ksara da ƙasr ta Larabci. Idan wannan dangantaka ta tabbata, to rassa biyu na castrum, wanda ya bi ta Faransa da wanda ya bi ta ƙasashen Larabawa, sun sake haɗuwa a cikin suna ɗaya.